Filin Tambaya da Amsa: Guruf Ya Cika, Ranar Gasa Ba Kowa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗalibi ne, ni da abokaina uku muka kafa ƙungiyar 'yan gem masu buga gem ɗin ƙwallon ƙafa na eFootball a waya. Mun buɗe guruf a WhatsApp, mun yi ta yaɗa shi a Facebook har mun kai mutum 600. Amma in muka sa gasa da ƙyar mutum 12 ke fitowa, sauran sai barka da Juma'a da tallan data. Wani abokina ya ce mu riƙa rabon kati kyauta, wani ya ce mu biya a tallata mu. Ya za mu yi mu tara jama'a, a san da mu har wajen jiharmu?
Ƙaninka, daga Samaru, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, mayar da kuɗinka aljihu. Jama'a kam kuna da su. Mutum 600 da ba sa motsi taron tsintsiya ne ba shara, in ka ƙaro wasu 600 shirun ne zai ninka. Kuma ba ku kaɗai abin ya sama ba. Tun 2006 Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke mu'amala da intanet, ya bayyana cewa a yawancin tarukan intanet kusan kashi 90 cikin ɗari 'yan kallo ne, kashi 9 kan tanka jefi-jefi, kashi 1 ne ke ɗauke da kayan. Ku 12 cikin 600 kashi 2 ke nan, ka ga ba ku ma yi baya ba. Waɗannan 12 ɗin su ne ƙungiyar, kuma da su za ka fara aiki.

Abin da kuka rasa shi ne tsayayyar rana. Kasuwar Wudil ba mai aika wa fatake goron gayyata, kowa ya san Juma'a take ci, shi ya sa take cika. Ku zaɓi dare ɗaya a mako, bayan Isha'i, ku riƙe shi ko mutum shida ne suka fito. Ku kauce wa Talata da Laraba, domin a daren Gasar Zakarun Turai ba mai duba waya sai don neman sakamako, haka ma yammacin Asabar da Lahadi Firimiya ta riga ta kwashe. Da azumi ku koma bayan tarawihi, lokacin jarrabawa kuma ku sanar da hutu a fili da ranar dawowa, kada ku ɓace haka kawai a ɗauka ƙungiyar ta mutu.

Na tabbata sili ɗaya ƙwale kuke yi, don shi ne mai sauƙin shiryawa. Shi ne kuma yake korar muku mutane. In mutum 16 suka shiga, takwas sun fita tun wasan farko. Yaro ya sayi data, ya kai waya caji, ya jira mako guda, cikin minti goma an zura masa biyar an ce sai wani jiƙon. Me zai dawo yi? Ku raba su rukuni huɗu na mutum huɗu-huɗu, kowa ya samu wasa uku ko da ba ya iya komai. Wanda ya fi wannan shi ne lig. Ku 12 in kowa zai haɗu da kowa sau ɗaya, wasa 66 ne a mako 11, kuma duk mako akwai teburi da za a yi musu a kai. Teburin nan kada ka raina shi. Wanda ke na bakwai yana hangen na shida ba zai yi fashi ba. In kun haura 20 ku yi aji biyu, da hawa da faɗuwa, don sabon shiga ya fara da sa'anninsa kafin ya gamu da waɗanda suke buga gem ɗin tun ana kiransa PES, kafin a sauya masa suna zuwa eFootball a 2021.

Yanzu ga wurin da ƙungiyoyi irin taku suka fi wargajewa, kuma ba ka ambace shi ba. Ana minti na 70, ci 2 da 1, sai wasa ya yanke. Wanda ke gaba ya ce ɗayan ne ya kashe data da gangan don ya ga za a cinye shi. Na bayan ya turo murya yana rantsuwa da Allah sabis ne ya ɗauke, har da hoton wayarsa ba sanda ko ɗaya. Kafin a ankara saƙo ya kai ɗari, an shiga zagin iyaye, admin kuma ya yanke hukunci ya ba abokinsa. Da safe mutum biyar sun fice, kuma cikin masu bugawa ne, 'yan kallo ba sa fushi. Maganin wannan a rubuta doka tun ba a fara ba, gajeriya, kowa ya ce ya yarda kafin a sa sunansa. Kowane ɗan wasa ya ɗauki hoton fuskar waya a hutun rabin lokaci da ƙarshen wasa. In ya yanke, a sake shiga a buga mintunan da suka rage a kan cin da ake. Wanda nasa ya yanke sau biyu ya rasa wasan, ko laifinsa ne ko na kamfanin layi. Wanda ya makara minti 15 an cinye shi 3 da nema. Admin ba ya alƙalancin wasansa ko na rukuninsa. Sannan ku ƙayyade ƙarfin tawaga da lambar da gem ɗin ke nunawa, in ba haka ba mai kuɗin sayen manyan 'yan wasa shi zai riƙa ɗaukar kofi, talaka ya gaji ya tafi. Mutum yakan jure a ci shi, abin da ba ya jurewa shi ne ya ga an yi masa rufa-rufa.

Sai batun a san da ku. Tallanku yana cikin wayoyin 'yan wasanku. Yawancin wayoyi yanzu suna iya naɗar abin da ke fuskarsu. Duk mako ku karɓi ƙwallayen da aka ci, ku zaɓi mafi kyau, ku yanko daƙiƙa 20 zuwa 30, a tsaye yadda TikTok da Facebook ke so, ku sa sunan wanda ya ci da unguwarsu. Ku nemo mai baki a cikinku, kowane taro ba a rasa shi, ya ɗora sharhi da Hausa irin na gidan kallon ƙwallo, da kirari da tsokana. Masu yin wannan da Turanci sun fi a ƙirga, kuma suna da kayan aikin da ba ku da su. Da Hausa kuwa filin da sauran wuri. Wanda ya ci ƙwallon ba sai ka roƙe shi ba, da kansa zai ɗora a status, abokansa su gani, ɗaya ya ce ai na fi shi iyawa. Wannan da ya zo don ya kunyata abokinsa ya fi maka mutum hamsin da suka shigo don rabon kati. Masu zuwa don kati suna nan har kati ya ƙare, sannan su zauna su yi shiru suna jiran wani. Kyauta ta zama ta wanda ya buga ya ci.

Kada kuma ku maƙale a waya. Ku je gidan gem na unguwa ku yi magana da mai shi, a buga wasan ƙarshe a can, a gaban jama'a, a jona waya da talabijin. Shi ya samu ciniki, ku kun samu 'yan kallo da hotuna. Ku manna teburin lig a rumfar mai cajin waya. In kun kafu, ku aika wa 'yan Sabon Gari ko Tudun Wada takardar ƙalubale, biyar da biyar, daga nan ku nemi 'yan Kano ko Kaduna. Sunan unguwa na tayar da mutanen da sunan ƙungiya ba zai tayar ba, ta nan ne kuma za a san ku a wajen jiha.

Abu biyu a taƙaice. Kada ku riƙa jefa mutane cikin guruf ba da izininsu ba, haushi yake ba su, kuma in ƙorafi ya yi yawa WhatsApp na iya rufe layin. Sannan ku raba wurin sanarwa da wurin hira, don jadawali kada ya nutse cikin surutu. Guruf ɗin WhatsApp iyakarsa mutum 1,024, na Telegram kan ɗauki 200,000, amma ba cikar wuri ce damuwarku ba tukuna.

Akwai abin da zan ja maka kunne a kai, ƙanena. Za a zo a ce kowa ya zuba dubu ɗaya, wanda ya ci ya kwashe. Malamai da yawa caca suke kiran wannan, kuma iyaye ma haka za su kira shi. A 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano, ka san yadda jama'armu ke kallon lamarin. Rana ɗaya aka ce ƙungiyarku ta 'yan caca ce, an hana yara rabi shiga. Ku bar shiga kyauta, ladan kuma ya fito daga wani na gefe, kamar mai shagon waya ko mai POS da za ku sa sunansa a hoton teburi. In Baba ya ce wasan banza ne, kana iya gaya masa cewa a birnin Riyad na Saudiyya an yi gasar gem ta duniya a 2024 da ladan da ya haura dala miliyan 60. Amma sakamakon jarrabawarka zai fi wannan gamsar da shi. Kuɗin YouTube kuwa kada ka sa shi a lissafi yanzu: cikakken rabon kuɗin talla sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Daga yau ka daina ƙirga mutanen guruf, ka riƙa rubuta nawa suka buga a wannan mako, nawa ne cikinsu suka buga a wancan.

TAMBAYA: Malam, mu a Maraɗi Free Fire muke bugawa, muna so mu haɗa gasa da 'yan'uwanmu Hausawa na Najeriya da Gana. Zai yiwu?
Wani mai karatu, daga Maraɗi

AMSA: Zai yiwu ɗan'uwa, kun ma yi dacen gem. Kamfanin Garena ya fito da Free Fire, gem ɗin harbe-harbe, a 2017 da ƙananan wayoyi a ransa, mutum 50 a fili, wasa kamar minti goma, saɓanin PUBG Mobile mai mutum 100 da ke son waya mai ƙarfi. Farko ku tabbatar duk asusunku na yanki ɗaya ne, domin gem ɗin na ɗaure asusu da yankin da aka buɗe shi, wanda nasa ke wani yanki ba zai iya shiga ɗakin wasan da kuka buɗe ba. Ku yi wasan gwaji kwana biyu kafin gasa, kowa ya duba lambar jinkirin sabis da ke gefen fuska. In ta zarce 100 sosai, zai ga ya harba amma shi aka kashe, a fara zargin maguɗi alhali sabis ne. Agogon Nijar da Najeriya ɗaya ne, Gana na bayanku da awa ɗaya, saboda haka duk sanarwa ku rubuta lokaci biyu. Lada kuma kada ku yi alkawarinsa da naira ko sefa, rigimar canji za ta cinye daɗin. Ku saya wa wanda ya ci daimon, wato kuɗin sayayya na cikin gem ɗin, ta lambar asusunsa.

TAMBAYA: Yaya, ina buga Call of Duty Mobile kuma ba yabon kai ba na iya. Duk ƙungiyar da na shiga, da an ji muryata sai kira da saƙonni su yi mini yawa, dole in fita. Ko in haƙura da gasa?
Ƙanwarka, daga Kaduna

AMSA: Kada ki haƙura ƙanwata, wuri za ki sauya. Guruf ɗin WhatsApp na nuna lambarki ga duk wanda ke ciki, nan ne ɓarakar. A Telegram kina iya ɓoye lamba ki bar sunan laƙabi kawai, a manhajar hira ta Discord ma da laƙabi ake hulɗa. A cikin gem ɗin ki mayar da makirfo na 'yan tawagarki kaɗai, ki toshe duk wanda ya wuce gona da iri, ki kai ƙararsa ta maɓallin da aka tanada. Kafin ki shiga wata ƙungiya ki tambayi admin ko suna da rubutacciyar doka a kan bin mace ta bayan fage, da kuma ko sun taɓa korar wani a kanta. Amsar da ya ba ki ta ishe ki sanin wurin. In kina da ƙawaye huɗu masu bugawa, kun cika tawagar biyar da biyar, sai ku yi rajista tare da suna ɗaya, wata yayarku ko wani ɗan'uwanku ya riƙe lambar da za a tuntuɓe ku.

Ku kuma masu ƙungiyoyi, har da ƙanena na Samaru, ku sa wannan doka cikin takardarku tun yanzu, kuma ku ba mace ɗaya kujerar admin mai ikon korar mutum.