Kansar hanji ta yi ajalin mahaifina: gwajin jinin nan mai gano kansa iri 50 zai wadatar da ni?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 47, kuma lafiyata ƙalau, ba na jin ciwon komai. An gano wa mahaifina kansar babban hanji yana da shekara 55, bai cika shekara biyu da ita ba Allah Ya yi masa rasuwa. Tun daga lokacin abin yana raina. Kwanan nan na karanta cewa an fito da gwajin jini guda ɗaya tak da ke gano kansa fiye da iri 50 tun mutum bai ji wata alama ba. Wani likita ya ce in je a leƙa hanjina da kyamara, ni kuwa gaskiya ba na son wannan gwajin. Idan na yi na jinin ya nuna babu komai, ba shi ke nan ba?

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa ya huta.

A'a, ba shi ke nan ba. Likitan da ya ce a leƙa hanjinka ya faɗa maka gaskiya, kuma in da ni ka zo wa, zan ƙara da cewa an yi jinkirin shekara bakwai. Amma ba na son ka karɓi wannan don kawai likita ya faɗa, saboda haka bari in warware maka zare da abawa.

Gwajin da ka karanta, kusan tabbas shi ne Galleri, na kamfanin GRAIL da ke Amurka. Dabarar da ke cikinsa abar yabo ce. Ƙwayoyin jikin mutum idan sun mutu sukan zubar da gutsattsarin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, a cikin jini, ƙwayoyin kansa ma haka, sai dai nasu gutsattsarin suna ɗauke da wasu tambura na sinadari da suka bambanta da na lafiyayyu. Gwajin yana neman waɗannan tamburan ne, har ma ya yi hasashen sashen jikin da suka fito. Matsalar ita ce ƙaramin ƙari ba ya zubar da abin kirki a jini. A binciken da aka wallafa a 2021 wanda ya auna ingancin gwajin, ya kama kashi 90 cikin 100 na kansar da ta kai mataki na huɗu, wato wadda ta riga ta bazu, da kashi 77 na mataki na uku, da kashi 40 na mataki na biyu. A mataki na ɗaya kuwa, inda ake cire abu a wuce wurin, kashi 17 kacal ya kama. Ka ga ke nan inda aka fi buƙatarsa nan ya fi rauni.

Sai aka gwada shi a kan mutanen da ba su da wani ƙorafi, a binciken PATHFINDER da mujallar Lancet ta buga a 2023. Mutum 6,621 masu shekara 50 zuwa sama aka ɗebi jininsu. Gwajin ya ɗaga tuta a kan 92. Da aka bi diddigi, 35 ne ke da kansa da gaske. Sauran 57 ba a same su da kansa ba, amma sai da suka sha hotuna da gwaje-gwaje, wasu har da yankar ɗan nama, kuma rabinsu sun haura wata biyar kafin a ce musu su kwantar da hankalinsu. Lambar da ta fi shafarka ita ce wannan: a cikin waɗanda gwajin ya ce bai ga komai ba, an gano wa mutum 86 kansa kafin shekara ta zagayo. Zagaye na biyu na binciken, wanda aka sanar a 2025, ya fi kyau, domin kusan 6 cikin 10 na waɗanda aka ɗaga wa tuta an same su da cutar. Duk da haka kansar da ta kuɓuce masa ta fi wadda ya kama yawa. Shi kansa kamfanin yana cewa a yi gwajin a matsayin ƙari a kan gwaje-gwajen da aka saba, ba a madadinsu ba.

Akwai wani gwajin jinin daban, Shield, wanda aka yi shi don kansar hanji kaɗai, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2024. Yana kama kashi 83 na kansar hanji, amma kashi 13 kawai na manyan tsirran da ke kan hanyar zama kansa. Kuma an yi shi ne don masu matsakaicin haɗari, kai kuwa ba ka cikinsu.

Yanzu ga abin da mutane da yawa, har da wasu likitoci, ke sha'afa da shi. Gano cuta da wuri da tsawaita rai ba abu ɗaya ba ne. Ɗauki mutum biyu masu irin kansa ɗaya, wadda za ta kashe kowannensu yana da shekara 70 ko an yi magani ko ba a yi ba. Na farko ya ji ciwo yana da 67, aka gano. Na biyu an gano masa ta gwaji yana da 60. A takarda za a rubuta cewa na farko ya rayu shekara 3 da cutar, na biyu shekara 10, sai a tafa wa gwajin. Alhali ko kwana ɗaya bai ƙara masa ba, abin da ya ƙara masa shi ne shekara bakwai na sanin yana da kansa. Shi ya sa masu bincike ba sa gamsuwa da jin “mun gano da wuri”. Sai an raba dubban mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa waɗannan gwaji a bar waɗancan, a jira shekaru, sannan a ƙirga waɗanda cutar ta kashe a kowane gida.

An taɓa yin haka da kansar ƙwan mace a Birtaniya. Mata sama da 200,000 aka bi tsawon kimanin shekara 16, aka fitar da sakamakon ƙarshe a 2021. Wani gwajin jini na shekara-shekara da aka yi don wannan kansar ya ƙara yawan waɗanda aka kama a matakin farko, ya rage na mataki na huɗu, amma adadin matan da cutar ta kashe bai sauya ba. Kowa ya so a ce ya yi aiki, bai yi ba.

Koriya ta Kudu kuwa wani darasin ta bayar. Daga 1999 asibitoci suka riƙa haɗa wa mutane hoton sikanin wuya a cikin gwajin lafiya na yau da kullum, don duba tayirod, wato ƙullin nan na gaban wuya da kumburinsa ke zama maƙoƙo. Zuwa 2011 yawan kansar tayirod da ake ganowa ya ninka na 1993 sau 15. Yawan masu mutuwa da ita kuwa yana nan inda yake. Abin da aka riƙa tonowa ƙananan ƙari ne waɗanda da an bar su da mutum zai tsufa ya mutu da wani dalilin bai ma san suna nan ba. Aka cire wa dubban mutane tayirod, suka koma shan maganin maye gurbinsa har ƙarshen rayuwa, wasu muryarsu ta taɓu. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Galleri bai haye wannan siraɗin ba tukuna. Hukumar lafiya ta Ingila ta fara babban gwajinsa a 2021 da mutum kimanin 140,000 masu shekara 50 zuwa 77, kuma ma'aunin farko da aka sa masa shi ne ko zai rage yawan kansar da ake ganowa a mataki na uku da na huɗu, ba yawan mace-mace ba. Ina fatan irin waɗannan gwaje-gwaje su yi nasara, musamman ga kansar da ba mu da wata hanyar tantance ta, kamar ta wata gaɓa da ke bayan tumbi da ake kira fankiriyas. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai.

To me ya sa kyamarar da ba ka so ta bambanta? Domin yawancin kansar babban hanji ba ta faɗowa daga sama. Tana farawa ne a matsayin ɗan tsiro a bangon hanji, wanda kan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya rikiɗe. Ba ya ciwo, sau da yawa ba ya zubar da jini, kuma kusan ba ya barin sawu a jinin da ake ɗiba a hannu. Likita mai leƙa hanji yana ganinsa da ido, ya zarge shi da ɗan zaren ƙarfe ya cire a zama ɗaya. Gwajin jini yana jiran kansa ta samu ne ya ba da labari. Kyamara tana cire abin tun bai zama kansa ba.

Ita ma an saka ta a sikeli, kuma adalci ne in faɗa maka sakamakon bai kai yadda ake zato ba. Binciken NordICC na 2022 ya ƙunshi mutum sama da 84,000 a Foland, Norwe da Suwidin. Waɗanda aka aika wa takardar gayyata su zo a leƙa hanjinsu sun samu raguwar kamuwa da kansar hanji da kashi 18 cikin shekara goma, amma bambancin mace-mace bai fito fili ba. Jaridu suka yi ta yayata cewa gwajin ya ba da kunya. Abin da kanun labarai suka tsallake shi ne kashi 42 ne kawai na waɗanda aka gayyata suka je. Da aka yi lissafi kamar kowa ya amsa gayyatar, raguwar kamuwa ta kai kashi 31, ta mace-mace kuma kusan rabi. Wannan lissafi na biyu ba shi da ƙarfin na farko, don masu amsa gayyata sukan bambanta da masu ƙi, amma ya yi daidai da abin da wasu bincike suka daɗe suna nunawa. Ta fuskar illa kuma, cikin kusan mutum 12,000 da aka leƙa, 15 ne suka yi zubar jini mai yawa bayan cire tsiro, babu wanda hanjinsa ya huje, babu wanda ya mutu. Hujewar tana faruwa a wasu wuraren, amma ba kasafai ba.

Duk waɗannan alƙaluman na gama-garin mutane ne. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi kansar hanji, haɗarinsa ya kai kimanin ninki biyu na sauran jama'a, kuma yana ƙaruwa idan cutar ta kama ɗan'uwan da sauran ƙuruciya. Shawarar ƙungiyoyin likitocin hanji na Amurka ga wanda aka gano wa ɗan'uwansa na kusa cutar kafin shekara 60 ita ce a fara leƙa hanji yana da shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano wa ɗan'uwan, duk wanda ya riga zuwa, sannan a maimaita duk shekara biyar. A lissafinka 40 ce ta riga 45, daga nan na samo shekara bakwai ɗin da na ambata. Ko da babu tarihin mahaifinka ma ka riga ka shiga layi, domin a 2021 Amurka ta sauko da shekarun fara tantancewa daga 50 zuwa 45, ganin yadda cutar ke ƙaruwa a tsakanin masu ƙananan shekaru. A can, 1 cikin 5 na waɗanda aka gano wa ita a 2019 ba su kai 55 ba, alhali a 1995 kimanin 1 cikin 10 ne.

Na san abin da ke sa mutane ja da baya, kunya ce da tsoron ciwo. Yawanci ana ba da maganin da ke sa mutum gyangyaɗi, a gama cikin kamar rabin awa, da yawa ba sa ma tuna an yi. Abin da marasa lafiyata suka fi kuka da shi ba kyamarar ba ce, maganin wanke ciki ne da ake sha daren jajibiri, wanda ke sa mutum zaryar banɗaki. Kada ka yi masa ha'inci. Hanjin da bai wanku ba yana ɓoye tsiro, sai a ce ka dawo a sake. Idan kuma har ka ƙi kyamarar ƙememe, ko babu halin yin ta, gwajin bahaya mai neman ɓoyayyen jini da ake yi duk shekara ya fi zama haka nan nesa ba kusa ba. Sai dai ga mai tarihinka zaɓi na biyu ne, kuma ranar da ya nuna jini, kyamarar dai za a koma.

Ka ce lafiyarka ƙalau, na kuma yarda. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah: ka taɓa ganin jini a bahaya ka ce basir ne? Yanayin bahayarka ya sauya na makonni, gudawa ko taurin ciki? Kana ramewa ba dalili, ko an taɓa ce maka jininka ya yi ƙasa? Idan ɗaya daga ciki ya faru, maganar ta tashi daga tantance mai lafiya ta koma binciken mai alama, kuma wannan ba ya jiran watan gobe.

Kafin ka koma wurin likitan, ka zauna da manyan gidanku ka tambayi wa da wa suka yi kansa a dangin mahaifinka, wace iri, kuma suna da shekara nawa. Ka kula musamman da ta hanji, ta mahaifa, ta ƙwan mace da ta tumbi. Idan suka taru a dangi ɗaya, ko wani ya kamu kafin 50, ana zargin wani lahani na gado da ake kira ciwon Lynch, wanda ke buƙatar gwajin ƙwayoyin halitta da leƙa hanji duk shekara ɗaya ko biyu. Kuma duk abin da na faɗa maka ya hau kan yayyenka da ƙannenka da kuka haɗa uba, maza da mata, duk wanda ya kai 40 a cikinsu.