Amsa: Cin bashin NELFUND don karatun injiniya

Ƙanena, ka ce ka samu gurbin injiniya a Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura, kana tambaya ko ka ci bashin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai bashin karatu, amma Baba na tsoron kada bashi ya bi ka har tsufa. Tsoronsa na da tushe, sai dai wannan bashin ba irin na banki ba ne. Dokar da Tinubu ya sa wa hannu a 2024 ta ce babu kuɗin ruwa, kuma ba a fara biya sai shekara 2 bayan bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, na kashewa kuma N20,000 a wata.

Ni abin da ya fi damuna samun aikin ne. Shekara 5 za ka yi, kuma takardar kaɗai ba ta ciyar da kowa. Na ga masu digiri suna zaman jiran aikin gwamnati, alhali yaron da ya iya haɗa sola a Ƙofar Ƙaura kullum wayarsa na ƙara. Don haka watanni 6 na SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai, kada ka yi su a ofis kana sa hannu a rajista. Ka nemi inda hannunka zai taɓa ƙarfe da waya, daga baya ka yi rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya.

Shawarata, karɓi na makaranta. Na kashewa, tunda a gida kake kwana kana cin tuwon Inna, kada ka karɓa, shi ma bashi ne.