Saƙar murhun nan ba ta son gaggawa

Yaro, ka ce murhun nan mai cinye hayaƙinsa yana ta fitar da baƙin hayaƙi alhali ka rufe marfin sama. Da wuri ka rufe. Ku yaran yanzu komai kuna son ya kama kamar fitilar salula.

Abin nan na cikin murhun mai ramuka kamar saƙar zuma tangaran ne, an shafa masa filatinom ko faladiyom. Hayaƙi ba ya cin wuta sai zafi ya kai wajen digiri 600 na ma'aunin Celsius, amma in ya ratsa saƙar, a digiri 260 ma yana ci. Ƙasa da haka, kwalta kawai yake liƙa mata. Don haka marfin da ke sakin hayaƙi kai tsaye zuwa bututu, bar shi a buɗe minti 20 zuwa 30, sai allurar ma'aunin zafi ta haura 260 ka rufe. In za ka ƙara icce, shi za ka fara buɗewa kafin ƙofa. Hura wuta kam ba zan zauna koya maka ba.

Abin da ke kashe saƙar shi ne abin da ake ba ta. Wani ɗan kasuwa a nan Yamai ya shigo da irin murhun nan don ɗarin hunturu, saƙarsa ta fashe a hanya. Da kuɗina na yi odar sabuwa, na ɗaura, na gaya masa busasshen geza ko sabara kawai, wanda danshinsa bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba. Sai ya aika yaransa kasuwar Katako suka kwaso katakon akwati mai fenti, da ƙusoshinsa, suna tada wuta da leda da baƙin mai. Darma da tutiya da kibritun da ke cikin wannan tarkace sukan rufe shafen, har abada. Bai tsaya nan ba, ya jefa ɗanyen icce a kan garwashi mai ja, tururi ya bugi tangaran mai zafi, ya tsage gida uku. Ya zo bakin shagona yana ɗaga murya wai jabu na sa masa. Na nuna masa narkakkiyar leda a cikin toka, ya ce ba ruwansa. Jikka 90 ɗina har yau suna wurinsa, kuma yana wuce ni a mota yana ɗaga mini hannu.

Saƙar taka ba ta mutu ba, toshewa ta yi. Bari ta huce sarai, ka share tokar da buroshin fenti mai laushi. Kada ka kuskura ka zura waya a ramukan, shafen za ka kankare. In ka ciro ta, igiyar da ke zagaye da ita sabuwa za ka sa, tsohuwar ba ta sake riƙe iska. Kuma kada ka bar harshen wuta yana lasarta kai tsaye, rage iskar ƙasa da zarar ka rufe marfin.