Rijiya Kusa da Masai

Tambaya: Rijiyar unguwarmu tana dab da masan maƙwabta, kuma duk damina yara suna fama da gudawa. Me ya kamata mu yi? Daga wata uwa a Haɗeja.

Amsa: Malama, kina da gaskiyar damuwa, domin ruwan sama idan ya ratsa ƙasa, musamman mai yashi, yakan kwaso ƙazantar masai ya kai ta cikin rijiya. Masana lafiya sun ce a bar tazarar aƙalla mita 30, masai kuma ya kasance ta gangare. Ku ɗaga bakin rijiyar da siminti, ku yi mata murfi, ku ware guga ɗaya da za a riƙa ratayewa kada ya taɓa ƙasa. Kafin nan, ku dinga tafasa ruwan sha, mai unguwa kuma ya kai kukanku hukumar samar da ruwan sha da tsaftar muhalli a karkara (RUWASA) ta jiha domin neman rijiyar burtsatse.