Cingam da Ƙwaƙwalwa: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, da gaske ne tauna cingam na ƙara basira? Ina shirin JAMB, ƙawayena duk sun rungume shi. (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: 'Yata, cingam ba ya ƙara basira. Iyakarsa ya wartsakar da mutum na ɗan lokaci. A 2002 masu bincike a Jami'ar Northumbria da ke Ingila sun gwada mutum 75, suka ga masu taunawa sun fi tuna kalmomin da aka nuna musu. Daga nan zancen ya bazu. A 2011 kuma aka gwada ɗalibai a Jami'ar St. Lawrence ta Amurka. Waɗanda suka tauna na minti biyar kafin jarrabawa suka tofar sun ɗan yi fice, amma cikin minti 15 zuwa 20 abin ya wuce. Waɗanda suka ci gaba da taunawa suna rubutu kuwa ba su samu wani ƙari ba. Wani gwaji na 2012 a Jami'ar Kadif da ke Birtaniya ma ya nuna yana rage iya riƙe jerin lambobi a ka. In kina so, ki tauna a bakin ƙofa ki jefa a kwandon shara. Ni dai na fi so ki samu isasshen barci a daren jajibiri.

Tambaya: Ni direban tirela ne. Zai hana ni gyangyaɗi? (Daga Gusau)

Amsa: Ɗan'uwa, yana ɗan taimakawa, amma ba ya biyan bashin barci. Da zarar ido ya yi nauyi, ka ga layin titi na neman rabuwa biyu, ka faka ka kwanta.

Tambaya: Ɗana mai shekara 14 ba ya rabuwa da cingam, ga yawan ciwon kai. Akwai alaƙa? (Wata uwa daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, yana iya yiwuwa. Wuni ana tauna yana wahalar da gaɓar muƙamuƙi, nan gaban kunne, ciwon ya haura kai. A wani asibiti a Isra'ila an sa matasa 30 masu irin wannan ciwon su daina cingam na wata guda, 26 suka samu sauƙi. Ki raba shi da shi na wata ɗaya ki gani. Mai sukari na cin haƙori, marar sukari kuma in aka yawaita yana kawo kumburin ciki da gudawa. Idan ciwon na tashinsa daga barci, ko yana zuwa da amai ko dishi-dishin gani, a kai shi asibiti ba tare da jira ba.