Tsohon Lilon Sallah: Fenti Ba Ya Ɗinke Tsaga

Tambaya: Assalamu alaikum. A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim akwai tsohon lilon ƙarfe mai kujeru huɗu, irin wanda ake juyawa da hannu. Shi muka hau muna yara ranar Sallah. Ya yi shekaru a yashe a bayan gida. Ina son in tayar da shi yaranmu su ma su ɗana, amma gabana yana faɗuwa. Mai walda ya ce ƙarfen da ne, fenti kawai yake buƙata. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda.

Zancen nan na "ƙarfen da ba ya mutuwa" ya ishe mu ji. Ƙarfe yana gajiya. Ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, za ta karye ba tare da ka ja ta ba. Haka shaf ɗin lilo yake, wato sandar ƙarfen da lilon ke juyawa a kanta: kowane zagaye nauyi ya danne shi ta nan, ya sake shi ta can. Tsaga takan fara siririya kamar gashi, a gefen walda ko inda shaf ya shiga boris (zoben da yake juyawa a ciki), ta yi ta ci a ɓoye har ranar da kujeru suka cika da yara. Kaurin ƙarfe kaɗai ba ya tabbatar da cewa babu tsaga. Fenti kuwa rufe ta kawai yake yi. Mai waldar da ya ga tsaga ya ɗora mata walda a kai, ya binne ta ne da ranta, gobe ta ɓullo a gefe.

A kankare wuraren nan da burushin waya har ƙarfe ya fito fes. A shafa kananzir, a bar shi minti 20, a goge tas, a barbaɗa garin alli, a ɗan ƙwanƙwasa da guduma. Inda layi mai danshi ya fito a jikin allin, tsaga ce. In a shaf take, sabo za a saya, babu zancen gyara.

A ƙwanƙwasa gindin bututun ƙafafu ma, don ruwan damina yakan kwanta ciki ya cinye su ta ciki. In amon ya mutu, a canza bututun. Kusoshin da ke riƙe kujeru a sa masu lamba 8.8 a kai, ba guntun rodi ba.

A kafe ƙafafun da kankare, kowace kujera da sandar tare gaba. Kafin yaro ya hau, a ɗora buhun yashi mai kilo 50 biyu a kowace kujera, a yi ta juyawa ana saurare, sannan a sake duba waldar da alli.