Muryar Yaya kan mastas ɗin dizayin, na rubuta wa marasa data

Salam jama'a, ga abin da Yaya ya faɗa a muryar da ya turo daren jiya, ta yi tsawo shi ya sa da yawa ba su buɗe ba, na zauna na rubuta yadda ya faɗa, in an ga kuskure nawa ne.

Assalamu alaikum, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri sai yanzu, tun la'asar na ga saƙon ina kan hanya, kuma abin ya fi ƙarfin taifin gara in yi magana. Tambaya biyu na gani, ƙanwata da ta ce ta gama HND a ɓangaren yadi da ofa kiredit, ta yi bautar ƙasa, tana so ta zarce mastas kai tsaye, sai ɗan'uwanmu da ya ce shi digirinsa na kwamfuta ne amma shekara biyar kenan yana aikin girafik, fosta, katin biki, kalandar 'yan siyasa, wai za a ɗauke shi ko ba za a ɗauke shi ba. Zan haɗa ku in amsa tare don hanyar taku kusan ɗaya ce.

Bari in fara da takardu don su ba su da wani dogon bayani. Kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci da lissafi, kuma kar ya wuce zama biyu, wannan yana nan yana bin mutum har PhD, na ga mai digiri da maki mai kyau an ajiye fayil ɗinsa saboda D7 a lissafi, sai da ya koma ya zauna da yara ya sake rubutawa. Sannan digiri, aƙalla sakan kilas lowa, wato CGPA daga 2.40 zuwa 3.49 a ma'aunin 5, in ka kai 3.50 ka shiga ofa ai sai hamdala, in kuma tad kilas ne to sai ta PGD, wato difilomar da ake yi bayan digiri kafin mastas. Sannan satifiket ɗin NYSC ko takardar yafewa, sai mutum biyu ko uku da za su tsaya maka, zai fi kyau malaman da suka koyar da kai ne ba kawunka da ke sakatariya ba. Sai tiranskirif, wato takardar da ke nuna makin kowane kwas da ka yi. Wannan don Allah yau ɗin nan ku fara nema, kar ku jira a buɗe fotal. Ni makarantar da na yi digirin farko, ba zan kira suna ba, wata bakwai ina zarya, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya gobe a ce fayil bai sauko ba, saura ƙiris in rasa shekarar gaba ɗaya.

To ƙanwata, gaskiya ɗaya ce, da HND ba a shiga mastas kai tsaye a jami'o'inmu, ko da distinshon kika fita, sai kin bi ta PGD, semesta biyu ne yawanci, kuma ba wai ki wuce kawai ba, ki fita da maki mai kyau, wasu 3.0 suke nema wasu 3.5. Na san abin da ciwo, don wallahi na ga 'yan foli da hannunsu ya fi na masu digiri nesa ba kusa ba, amma haka tsarin yake. Kuma ki yi hankali da maganar tof-of ɗin nan, a 2023 hukumar NBTE mai kula da foli ta fito da shirin shekara ɗaya na mayar da HND digiri ta intanet, NUC mai kula da jami'o'i ta fito ta ce ita ba ta amince ba, to ke da jami'a za ki, kar ki zuba kuɗinki sai kin ji daga bakin sashen da kike nema cewa suna karɓa. Kuma PGD ɗin ki yi shi a fannin dizayin ɗin, kar wani ya ce miki je ki yi na koyarwa ko na manajimen duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne, na koyarwa mastas ɗin koyarwa zai buɗe miki.

Kai kuma malam, naka ya ɗan fi sarƙaƙiya. Iya CorelDRAW da Photoshop sana'a ce mai kyau, tana ciyar da gidaje, amma sashe zai duba ya ga ba ka taɓa yin zane da hannu a aji ba, ba ka yi ilimin launi ba, ba ka yi tarihin fannin ba, to mafi yawa kai ma PGD za a ce ka fara. Kar ka sayi fom sai ka taka da ƙafarka ka je sashen, ka nemi kodinetan fosgirajuwet, ka gaishe shi da ladabi, ka nuna masa takardunka da aikinka, minti goma za su hutar da kai asarar kuɗin fom da shekara guda.

Wuraren kuwa, a nan kusa akwai ABU Zariya, sashen Industrial Design a tsangayar Environmental Design, an san su da girafik, yadi, tukwane da tangaran, su M.A. suke bayarwa. Akwai ATBU Bauchi, akwai jami'ar Modibbo Adama a Yola, in za ku iya nisa akwai FUTA a Akure, jami'o'in fasaha irin su Bauchi da Akure M.Tech suke kiran nasu. Kuma ku bambance, Fine Art daban Industrial Design daban, MFA ta masu fenti da sassaƙa ce, na ga wanda ya cike Fine Art alhali Industrial Design yake nufi. Zariya kam tsohon gida ne a harkar nan, tun kafin a kafa jami'ar a 1962 ake koyar da zane a wurin, nan su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka yi ƙungiyarsu a 1958.

Yauwa, yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, don duk waɗancan takardun kowa da ke layi yana da su. Abu biyu ne ke raba mutane, fotfoliyo, wato tarin ayyukanka da za ka nuna, da firofozal, wato takardar abin da kake so ka bincika.

Fotfoliyo ba wai ka kwaso duk abin da ka taɓa yi ba ne. Malam na san wayarka cike take da fosta ɗari uku, kar ka kai su, zaɓi goma zuwa sha biyar, kuma kowanne ka nuna yadda aka faro, ɗan zanen fensir na farko, wanda ka yi ka watsar, dalilin da ya sa ka canza launi, sannan na ƙarshe. Malamin da zai duba ba kyau kawai yake nema ba, so yake ya ga yadda kanka ke aiki, don kyau kam yanzu yaro ma zai ɗauko tamfilet a Canva ya canza suna. Kuma in akwai aikin da kuka yi ku uku ka faɗi naka ɓangaren, tambaya biyu za a yi maka a gane. Ke kuma ƙanwata, yadi ba a jin sa a hoto, ki tafi da guntayen ainihin aikin, na rini, na kakin batik, na bugun sikirin, in kin yi saƙa ki haɗa, ki liƙa kowanne a kwali ki rubuta irin zaren da irin rinin da kika yi amfani da shi, har wanda ya zuba da aka wanke ki kai, ki ce ga abin da ya faru ga abin da na gano. Littafin zanenki ma da ya yi datti kar ki ji kunyarsa, shi za a fi daɗewa ana buɗawa.

Firofozal kuwa, bari in ba ku labarin kaina ku yi dariya. Ni na farko da na rubuta wai nazarin zane-zanen gargajiyar Hausa a arewacin Najeriya, ina ta jin daɗi, na tsaya gaban malamai wani dattijo ya cire tabarau ya ce yaro wanne daga ciki, na bango ko na riga ko na fata ko na ƙwarya, kuma wane gari, kuma in ka gama wa zai amfana, wallahi na rasa ta cewa, gumi kawai. Sai da na koma na tsuke shi ya dawo aikin aska takwas da aska biyu na babbar riga, yadda za a mayar da su bugun yadin labule da kujera, sannan aka ce to yanzu ka zo da magana. Matsala ake so, ƙarama, wadda za ka iya riƙewa da hannu ka gwada a situdiyo. Kuma ga su nan birjik a ƙofar gidanmu. Marinar Ƙofar Mata tana nan da babanta da tokarta, me ya sa wani rinin ke zuba wani ba ya zuba, ya za a yi launi ya zo iri ɗaya a yadi hamsin in ɗan kasuwa ya yi oda. Masaƙun Kakuri a Kaduna sun mutu, Kantin Kwari cike da atamfar waje mai zanenmu a jiki, wannan kaɗai tambaya nawa ce. Masu tangaran, ga farar ƙasa a Ƙanƙara da Alkaleri, mu kuma muna sayen kofi da faranti daga Chana. Ladi Kwali da ke bayan naira 20 ai da tukunyar Gwari ta fara kafin ta shiga cibiyar baturen mai tukwane Michael Cardew a Suleja ta haɗa da gashi mai zafi da gilashin shafe, har ABU ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Kai kuma mai kwamfuta, kana zaune kan taska ba ka sani ba, font nawa ne masu kyau da ke da ƙ da ɗ da ɓ, sau nawa ka buga katin biki harafin ya fito akwati ko ya canza kama, ga ajami, ga manhajar waya ga wanda bai iya karatun boko ba, nan digirinka na kwamfuta zai zama riba maimakon cikas.

Kuma kafin ka rubuta, ka bincika wane malami ne ke aiki a wannan layin, don sashe ba ya ɗaukar ɗalibin da ba shi da mai duba shi, ko an ɗauke ka wahala za ka sha.

In an shiga kuma, shekarar farko kwas ne, dabarun bincike, tarihi da ka'idojin dizayin, siminar, sai situdiyo na fanninka, kuma makin ci 50 ne ba 40 ba, a nan C ce ƙarshen ƙasa. Masu cewa na gudu dizayin don ba na son rubutu, to ku ji da kyau, akwai rubutu, babi biyar, ga difens, wato kare aikinka gaban malamai, na firofozal, ga na cikin gida, ga na baƙon malami da za a gayyato daga wata jami'a, kuma ana saka aikin a manhajar kama satar rubutu, ga shi dole ka baje kolin abin da ka ƙera. A takarda shekara biyu ce ko ƙasa da haka kaɗan, amma ku sa uku a lissafinku, yajin aikin 2022 kaɗai daga Fabrairu zuwa Oktoba ya kai. Kuɗin makaranta kuma ba shi ne babba ba, kayan aiki ne ke cin mutum, yadi, rini, sikirin, gas na gasa tukwane, firintin mai launi, duk daga aljihunka. Mai niyyar PhD kuma tun yanzu ya riƙe makinsa, yawanci 3.5 ko kashi 60 ake nema daga mastas. In kana koyarwa a foli ko kwalejin ilimi ta gwamnati ka nemi tallafin karatu na TETFund ta ofishin makarantarku, na ma'aikata ne, ba a nema daga gida.

Waje kuwa a taƙaice, can fotfoliyo ya fi komai nauyi. Royal College of Art a Landan ba sa ma yin digirin farko, kuma yawancin mastas ɗinsu ya koma shekara ɗaya, amma kuɗin sai dai a yi shiru, sai da tallafi irin Chevening na gwamnatin Birtaniya, shi kuma yana son shekara biyu ta aiki, ka zaɓi kwas uku, kuma ka dawo gida shekara biyu bayan ka gama, wajen Agusta ake buɗewa. Akwai Politecnico di Milano a Italiya suna da kwasa-kwasan dizayin da Turanci. Akwai tallafin gwamnatin Turkiyya da ake cikewa farkon shekara, mastas sai kana ƙasa da shekara 30, malam kai ka duba shekarunka na gaskiya ba na takarda ba, af, na takardar ma dai su za a duba. Kuma ku tanadi IELTS, jarrabawar gwada Turanci.

Cajina saura huɗu. Ƙanwata ki ɗauki hoton aiki biyar da kika fi so, a hasken rana ba da fitila ba, ki turo min ta gefe, da layi uku kan abin da ke ba ki haushi a harkar rini, daga nan za mu ciro taken. Malam kai kuma ranar Asabar in Allah ya kai mu zan biyo ta shagon, ka fito min da tsofaffin zanen hannunka in akwai, in babu ka sayi fensir 2B da littafi gobe. Sai da safe.